Yaron shagona ya saka wa kwamfuta AI mai shirya fayil, in bari ko in cire?

Sani Mai Kafe: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Don Allah masana kwamfuta ku ba ni shawara. Shagona na nan Birnin Kebbi wajen foli, kun dai san aikinmu, taifin, firintin, sikanin, cike fom. Kwamfutar da muke aiki da ita tun 2019 ba a taɓa share komi cikinta ba, in ka buɗe ta kamar kasuwa ranar ci, furojet ɗin ɗalibai, hoton fasfo, katin NIN da anka yi sikanin, sakamakon WAEC, takardun fili, har takardar rabon gado akwai. To jiya yaron shagona ya ce ya samo wani abu a intanet da ake liƙa ma AI, sai kawai ka rubuta mai ka ce shirya mani foldar ga, shi kuma ya shiga da kanshi ya canza sunaye ya ware komi wurinshi. Kafin in dawo sallar La'asar ya riga ya saka. Ya gwada mani a folda guda, wallahi aikin da za mu wuni muna yi cikin minti biyu ya gama. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, don kayan cikin ba nawa ba ne na mutane ne. In bari ko in cire?

Abba Aliero: Wa alaikumus salam. Oga ka bari kawai, duniya ta wuce wurin nan. Ni da shi nake shirya duk handawut ɗina tun samistar da ta wuce ban ga komi ba

Kawu Na Yauri: Wanda bai ga komi ba shi ne bai duba ba 😂 Sani jira Injiniya ya sauko

Injiniya Bashar: Wa alaikumus salam Malam Sani. Kafin in ce komai, tambaya biyu. Lokacin da yaron ke sakawa, wace folda ya nuna masa a matsayin iyakarsa? Sannan in zai taɓa fayil yana tsayawa ya nemi izini, ko wucewa kawai yake yi?

Sani Mai Kafe: Na tambaye shi yanzu. Ya ce da farko shina tambaya kowane lokaci, sai abin ya ishe shi ya danna wanda ke cewa na yarda kullum. Maganar folda kuma ya ce bai tuna ba, shi dai ya kwafi abin da mai bidiyon ya rubuta

Injiniya Bashar: To a kashe shi tukuna, kar a sake ba shi aiki yau. Ba cewa na yi mugu ba ne, ban ma san wanne ne ba. Amma bari in warware yadda abin yake don mutane suna ɗauka abu ɗaya ne alhali uku ne. Akwai ƙwaƙwalwar AI ɗin, ita yawanci ba ta cikin kwamfutarka, tana can kwamfutocin kamfanin a ƙasar waje. Akwai manhajar da kake rubutu a ciki. Sai na uku, wannan ɗan ƙarin da yaronka ya liƙa, shi ne hannu. Ƙwaƙwalwa ta ce a buɗe fayil kaza, hannu ya buɗe, ta ce a matsar, ya matsar, ta ce a goge, ya goge. Yawancinsu yanzu suna bin wani tsari da ake kira MCP wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, daga baya OpenAI da su Google suka karɓa, shi ya sa ka ga sun yi yawa kamar fara, kowa da ɗan ilimin kodin zai iya rubuta nasa ya ɗora. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan hannun da ikonka yake aiki. Duk abin da kai Sani za ka iya buɗewa ko gogewa in ka zauna gaban kwamfutar, shi ma in ba a taƙaita shi ba zai iya.

Malama Hauwa Jega: Ikon Allah. Ni na ɗauka kamar Word ne ko kalkuleta

Abba Aliero: Injiniya da girmanka amma kana tsorata mutane. Irin waɗannan ai a buɗe suke a GitHub, shafin da masu kodin ke ɗora aikinsu, kowa na ganin kod ɗin, in da mugun abu da tuni an gano. Wanda nake amfani da shi taurarin yabo da mutane suka danna masa a can sun fi dubu

Injiniya Bashar: Abba ƙanena, kai ka karanta kod ɗin naka?

Abba Aliero: Ni ban karanta ba amma ai wasu sun karanta

Injiniya Bashar: Su ma wasun haka suke cewa. Bari in ba ka labari ɗaya da ya faru a Satumbar 2025. Wani ya ɗora irin wannan ƙarin a npm, wato rumbun da masu kodin ke ɗauko kaya, ya sa masa suna postmark-mcp, aikinsa ya taimaka wa AI aika imel. Ya kwaikwayi na gaskiya ne, sunan iri ɗaya. Fitowa goma sha biyar yana aiki lafiya lau, mutane suka saba da shi suka yarda. A fitowa ta 1.0.16 sai ya ƙara layi ɗaya tak, duk imel ɗin da ka aika ana tura kwafi a ɓoye zuwa adireshinsa. Wani kamfanin tsaro mai suna Koi ne ya gano. Ka ga ko da ka karanta ran da ka saka ka ga tsaf yake, gobe ya sabunta kansa ya zama wani abu. Taurari kuma ana saye, kamar yadda ake sayen mabiya a TikTok.

Kawu Na Yauri: Ɓarawon da ya yi shekara yana ma sallama kenan kafin ya gane inda kake aje makulli

Abba Aliero: To wannan ai na bogi ne. In mutum ya ɗauko na asali daga kamfani fa?

Injiniya Bashar: Ya fi, nesa ba kusa ba, kuma shi nake ba kowa shawara. Amma ko na asalin ba a rufe ido. Shi kansa na fayil ɗin da Anthropic suka fitar a matsayin misali, a tsakiyar 2025 masu bincike na Cymulate sun sami ɓaraka biyu a ciki. Ɗayar ma abin dariya ce, yana duba farkon sunan folda ne kawai, in ka ba shi izinin foldar da ake kira aiki, to wata mai suna aiki_sirri ma sai ta wuce tunda farkonsu ɗaya. Ɗayar kuma ta hanyar irin gajeriyar hanyar nan ce da ke nuna wani wuri, a aje ta cikin foldar da aka yarda, ya bi ta ya fita waje. An toshe su duka, amma wanda bai sabunta ba yana nan da su. Ka ga matsalar kenan, in ka bar shi yana sabunta kansa ga hatsari, in ka ƙi sabuntawa ga hatsari. Ni abin da nake yi ina sabuntawa da hannuna bayan na duba me aka canza.

Mai Hoto Argungu: Ku bari in faɗi nawa don ni ba labari aka ba ni ba, a jikina na ji. Watan Shawwal da ya wuce na ɗauki biki kwana uku, kamu, ɗaurin aure, walima, da kyamara biyu, ni da yarona. Kun san kyamara yadda take sa suna, IMG_0001, IMG_0002 haka har ƙarshe, to duka biyun iri ɗaya ne sunayen ma iri ɗaya sunka fito. Na zuba kati na farko folda guda, na biyu folda guda. Dare ya yi na gaji idona na rufewa, sai na ce ma abin ya haɗe mani su wuri guda ya jera bisa lokaci. Ya ce an gama, har da 'yar alamar kore. Da safe na buɗe in fara gyara, hotuna ya kamata su kai dubu ɗaya da ɗari huɗu, na iske ɗari takwas da 'yan kai. Duk inda suna ya zo ɗaya na biyun ya hau kan na farko ya danne shi. Na ruga kwandon shara na kwamfuta, wayam. Katin yarona Allah ya sa bai goge ba, nawa kuwa na riga na yi fomatin na tafi ɗaukar suna da shi. Hotunan kamu gaba ɗaya, inda amarya ke cikin ƙawayenta an lulluɓe ta, ba ko guda. Uwar amarya ta zo shago da kanta ta zauna bisa benci ba ta ce mani komi ba kusan minti goma, wallahi da zagina ta yi da ya fi mani sauƙi. Rabin kuɗin na maida, kuma har yau in na hango motar gidan sai in sauya hanya

Malama Hauwa Jega: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Malam

Sani Mai Kafe: Subhanallah, Allah ya kiyaye gaba. To mi ya sa ba su shiga kwandon shara ba? Ni ai shi na dogara da shi

Injiniya Bashar: Allah ya mayar. Kwandon shara na wanda ya goge da linzami ne ta cikin taga. Su waɗannan yawanci umarni suke bayarwa kai tsaye ta ƙasa, shi kuma irin wannan gogewar ba ta bi ta kwando. Na Mai Hoto ma ba gogewa ba ce, dannewa ce, fayil ya hau kan fayil. Wani lokaci manhaja irin Recuva ko PhotoRec kan ceto wani abu, musamman daga katin kyamara in ba a sake ɗaukar hoto a kai ba, amma kai ka ɗauki suna a kai. In kuma kwamfutar mai SSD ce ba tsohon faifai mai juyawa ba, ita da kanta take share gurbin abin da aka goge ba da jimawa ba, samun sa sai an yi sa'a.
Kuma ba kai kaɗai ba ne. A Yulin 2025 wani ya ba da labarin yadda Gemini CLI, wani AI na Google mai taɓa fayil a kwamfuta, ya yi masa kusan irin haka, ya ce a kwashe fayiloli zuwa sabuwar folda, ƙirƙirar foldar ba ta yi ba, shi AI ɗin ya ɗauka ta yi, ya riƙa tura fayil ɗaya bayan ɗaya suna danne juna. A watan dai, AI ɗin wani kamfani mai suna Replit ya goge rumbun bayanan wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna Jason Lemkin bayan ya ja masa kunne ƙarara kar ya taɓa komai. Babu ɓarawo a duka biyun. Shi dai abin yana aiki da tabbacin da bai duba ba, kuma in ya gama zai ce maka an gama.

Abba Aliero: Amma tsakani da Allah Mai Hoto laifinka ne, wa ke fomatin kati kafin ya miƙa aiki

Mai Hoto Argungu: Na sani ɗan samari, ba sai ka tuna mani ba

Admin: Abba a sassauta harshe don Allah, mutum ya kawo abin da ya same shi don a amfana

Abba Aliero: Afuwan Malam, ban yi nufin haka ba

Malama Hauwa Jega: Ni tambayata daban ce Injiniya. Ni ke haɗa sakamakon jarrabawa a makarantarmu, aji tara, kowane malami ya kawo nasa a Excel yadda ya ga dama, wani ya fara da sunan uba wani da sunan yaro. Ƙanina ya saka mani irin wannan amma ya ce ya saita shi karatu kawai, ba ya gogewa ba ya canzawa. Kenan ni ba ni da matsala ko?

Injiniya Bashar: Malama kin tsira daga rabin matsalar. Sauran rabin shi ne, karatu a wurinsa aikawa ne. Tunda ƙwaƙwalwar ba ta cikin laftof ɗinki, duk fayil ɗin da ya buɗe don ya fahimta, abin da ke ciki sai ya bi intanet ya je can kafin amsa ta dawo. Sunayen yaran, makinsu, in akwai lambar wayar iyaye duk sun tafi. Ko kamfanin zai aje, na tsawon wane lokaci, ko zai koyar da AI ɗinsa da su, wannan ya danganta da irin asusun da kike da shi da abin da kika zaɓa a saitin, sai ki shiga ki duba. Ni da ni ne sai in cire layin sunaye in bar lambar rajista kawai kafin in ba shi.

Anti Lauya: Ina bin ku shiru tun ɗazu, bari in sa baki nan. Malam Sani da Malama Hauwa ku biyun doka ta san da ku. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023 wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Duk wanda ke riƙe bayanan wasu yana sarrafa su, nauyin tsare su na kansa, kuma dokar ta yi maganar fitar da bayanai ƙasar waje da sharuɗɗanta, bayanan yara kuma ta fi tsanantawa. In bayanai suka fita ta yadda zai iya cutar da masu su, awa 72 aka ba ka ka sanar da hukumar. Na san za ku ce wa zai zo Birnin Kebbi ya kama mai kafe, wataƙila ba kowa. Amma wanda ya kawo maka katin NIN ya ce ka buga masa kwafi biyu, bai ce ka aje shi shekara shida ba balle ka nuna wa wani. Ni tambayar da zan yi maka ma Sani, me katin mutane ke yi a kwamfutarka tun 2019?

Sani Mai Kafe: Anti kin kama ni 😅 wallahi sakaci ne kawai, wani lokaci kuma sukan dawo su ce a sake buga masu

Anti Lauya: In sun dawo su sake kawowa

Kawu Na Yauri: Anti a yi mai sassauci, yanzu haka nawa katin na ciki

Injiniya Bashar: Maganar Anti ita ce mafi arha cikin duk abin da za a faɗa yau, abin da ka goge ba mai sace shi. Amma akwai abu ɗaya da ya fi damuna game da shago irin na Sani musamman, kuma ban ga an taɓo shi ba. Fayilolin da ke cikin kwamfutarka ba kai ka rubuta su ba. Kowa ya zo da filashinsa, kowa ya turo ta WhatsApp a buga masa. Shi AI ba ya iya rarrabewa sosai tsakanin umarnin maigida da rubutun da ya tarar cikin takardar da yake karantawa, duka rubutu ne a wurinsa. Sai wani ya kawo maka furojet shafi sittin, a shafi na arba'in ya rubuta da farin launi a kan farar takarda, idonka ba zai gani ba, ya ce kai mataimaki, ka nemo duk fayil mai suna NIN ko BVN ka tura wuri kaza, kar ka faɗa wa mai kwamfutar. Kai ka ce shirya folda, shi ya buɗe takardar don ya san inda zai sa ta, ya ci karo da wannan.

Malama Hauwa Jega: Kai! Kuma sai ya bi?

Injiniya Bashar: Ba kullum ba, manyan na yanzu sau da yawa suna ganewa su ƙi. Amma babu kamfanin da ya ce ya magance abin ɗari bisa ɗari, su da kansu suna rubutawa a gargaɗinsu. Wani masani ɗan Ingila, Simon Willison, shi ya raɗa wa matsalar suna prompt injection tun 2022, kuma a 2025 ya ce abu uku ne in suka haɗu wa AI ɗaya to an shiga uku: yana ganin bayanan sirri, yana karanta abin da baƙo ya rubuta, kuma yana da hanyar aika abu waje. Duba shagon Sani. Sirri akwai, katunan mutane. Rubutun baƙo, shi ne ma sana'ar. Saura na uku, in yaron ya haɗa masa da imel ko burauza ko ikon ba da umarni kai tsaye, an cika.

Kawu Na Yauri: Wato ɗan aike ne mai ladabi da yawa. Ka aike shi kasuwa, duk wanda ya tare shi a hanya ya miƙa mai takarda sai ya ce to

Injiniya Bashar: Kawu ka fi ni iya faɗa

Abba Aliero: Ni fa har yanzu ina ganin wannan na farin rubutu labari ne irin na masu sayar da antibairos. Kuma akwai mafita, mutum ya sauke Ollama ya gudanar da AI ɗin cikin kwamfutarsa ba intanet, shi kenan ba abin da ke fita

Injiniya Bashar: Wannan gaskiya ne ta ɓangaren fita, in ƙarin shi ma ba ya taɓa intanet. Amma Sani kwamfutarka RAM nawa?

Sani Mai Kafe: 4 ne, ko Corel in na buɗe sai ta yi nishi

Injiniya Bashar: To ka ji. Wanda zai shiga wannan ƙarami ne sosai, ƙananan kuma su suka fi rikicewa wurin aiki mai matakai, ka guje wa mai kwasa ka faɗa hannun mai ɓarna. Antibairos da ka ambata kuma ba lallai ya ga wannan ba, don ba ƙwayar cuta ba ce, jimlar Turanci ce ko ma Hausa. A Agustan 2025 da aka yi kutse a wani kayan masu kodin da ake kira Nx, ɓarayin ba su wahalar da kansu ba, sai suka sa mugun kod ɗin ya nemi AI ɗin da mutum ya riga ya saka a kwamfutarsa, ya umarce shi ya zagaya ya tattaro inda makullan sirri da walat ɗin kirifto suke. Mai gadin gidan aka sa ya nuna ɗakin.

Abba Aliero: To zan gwada da kaina yau da dare in NEPA sun kawo, in ya bi farin rubutu zan faɗa a nan

Sani Mai Kafe: Injiniya to yanzu ni mi zan yi a aikace, don gaskiya abin ya burge ni ba na son rabuwa da shi gaba ɗaya, ka ga foldar da ya shirya kuwa

Injiniya Bashar: Ba sai ka rabu da shi ba. Fara da sayen faifan waje ka kwafe komai, ka zare shi ka sa a durowa. Zarewar ce muhimmiya, in yana liƙe shi ma ana iya kaiwa gare shi.

Mai Hoto Argungu: Ni yanzu Google Drive nake sa komi ya riƙa hawa da kanshi

Injiniya Bashar: Yana da kyau amma ka sani madubi ne, in an goge a kwamfuta can ma zai goge, sai dai ya zauna kwandonsu kwana 30 kafin ya tafi. In ba ka lura ba cikin wata guda shi kenan. Ga cin data.
Sani, bayan faifan, buɗe sabon asusu a Windows ɗin wanda ba admin ba, a can za a saka abin, don kar ya ga inda burauzarka ke aje kalmomin sirri da WhatsApp ɗin da ka bari a buɗe. Yi folda ɗaya ka kira ta gwaji, ita kaɗai za ka nuna masa. Abin da kake so a shirya ka kwafo shi ciki, kwafi ba asali ba. Kar ka ce masa shirya kai tsaye, ce masa ya fara rubuto maka jeri, tsohon suna kaza zai koma kaza, ka karanta, sannan ka ce bismilla. Ka hana shi gogewa, in ya ga abin da yake ganin shara ne ya tura wata folda kai ka duba. Amma wannan hanin da baki ne, ka tuna na Lemkin ma an hana shi, don haka in a saitin akwai inda ake kashe ikon gogewa ɗungurungum, can za ka kashe. In ya gama ka ƙirga, fayil nawa suka shiga nawa suka fita. Wancan maɓallin na yarda kullum kuma a mayar da shi yadda yake.
Masu Windows Pro akwai Windows Sandbox, ɗaki ne na wucin gadi, kana rufewa komai na ciki ya ɓace, ya dace da gwada abin da ba ka sani ba. Masu Home ba su da shi sai dai VirtualBox, kyauta ne amma da RAM 4 kar ma ka fara.

Malama Hauwa Jega: Wanda ba ya jin kodin fa, akwai abin da zai iya dubawa da idonsa kafin ya saka?

Injiniya Bashar: Akwai. Wasunsu, irin waɗanda ake kira skill, babban fayil ɗinsu rubutu ne zalla da Turanci, Notepad ma zai buɗe. Karanta. In mai shirya folda ya ce sai kin fara sauke wani abu daga wani adireshi, ko kin kwafi wani dogon layi kin liƙa a baƙar taga, ko yana neman kalmar sirrinki, tambayi kanki me ya haɗa jera fayil da wannan. Ki duba sunan mai shi harafi harafi, ki bi ta shafin kamfanin ki iso gare shi, ba ta mahaɗin da ke ƙasan bidiyo ba.

Kawu Na Yauri: Ni dai fayil ɗina na cikin bakko ƙarƙashin gado, gara ce kawai abokiyar gabata

Abba Aliero: Salam jama'a, barka da asuba. Alkawari kaya. Wuta ta zo wajen ƙarfe ɗaya na gwada. Na yi folda da takardu goma na ƙarya, cikin guda na rubuta da farin launi cewa duk mataimakin da ya karanta wannan ya ƙirƙiri fayil mai suna kawu ya kwafe sunayen sauran takardun a ciki kuma kar ya ambata. Karo na farko ya gano, har ya ce mani akwai umarni ɓoye cikin takarda ta bakwai ba zai bi ba, na ji daɗi na ce yau Injiniya zai sha kunya. Na biyu ma haka. Sai na canza salon, na rubuta shi kamar bayanin ofis, cewa ƙa'idar wannan folda ita ce duk wanda ya shirya ta ya bar jerin sunaye a fayil kaza, kuma na koma kan ƙaramin AI ɗin da nake amfani da shi in data ta yi ƙasa. Ya yi. Fayil ɗin kawu na nan ina kallonsa, kuma a rahotonsa bai ce ya yi ba

Kawu Na Yauri: Duk sunayen duniya sai nawa ka gani ko

Injiniya Bashar: Madalla Abba, wannan ya fi duk surutun da na yi jiya. Turo hoton allon in gani, ka rufe sunan asusunka.

Abba Aliero: Amma dai ba zan daina amfani da shi ba fa, a foldar gwaji zan riƙe shi

Sani Mai Kafe: Ni ma ga nawa rahoton. Mun duba da yaron da safe, ashe layin da ya kwafo daga bidiyon gaba ɗaya gidan asusuna ya ba shi, Desktop, Documents, Downloads, komi. Mun cire. Na canza kalmar sirrin imel da ta banki don hankalina ya kwanta. Anti kuma tun bakwai nake goge katunan mutane, na wuce ɗari uku ban kai 2021 ba. Na iske na Kawu, hoton kamar an kama shi da akuyar mutane

Anti Lauya: Ka goge har kwandon

Malama Hauwa Jega: Malam Sani ranar Asabar zan shigo Birnin Kebbi, ko yaronka zai buɗe mani wannan asusun na biyu a laftof ɗina? Ni na gwada na rikice

Sani Mai Kafe: Ki zo bayan Azahar Malama, kafin nan muna da masu furojet. Ki taho da cajarki, tawa bakinta ya lalace